Sabon Gidan Abincin Meksiko: A Je, Ko A Dakata?

A manyan biranenmu yanzu, kafin fentin sabon gidan cin abinci ya bushe hotunansa sun gama zaga wayoyin jama'a. Idan kuwa aka ce abincin Meksiko ake sayarwa a ciki, sai magana ta rabu gida biyu tun ba wanda ya ɗanɗana ko loma ɗaya. Wasu su ce ranar Asabar da su za a yi, wasu su ce Allah ya kiyaye, mene ne haɗinmu da abincin mutanen da ba mu san yadda suke yanka ba, ba mu san da wane mai suke girki ba. Na saurari ɓangarorin biyu, kuma ban ga wanda yake magana a banza ba. Sai dai hujjojin ba nauyinsu ɗaya ba, shi ya sa na ga ya dace a ɗora su a sikeli.

Masu cewa a je suna farawa ne da abin da mutane da yawa ba su sani ba, wato girkin Meksiko ya fi kusa da tukunyarmu fiye da na Faransa ko na Italiya da ake rububi. A kudancin Meksiko aka fara noma masara, shekaru kusan 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawar daji da ake kira teosinte. Tumatirin da muke miya da shi a can aka mai da shi amfanin gona, haka ma tattasai da wasu dangin barkono. Bayan da Turawan Sifaniya suka ci birnin Tenochtitlan da yaƙi a 1521, waɗannan iri suka bi jiragen ruwa suka bazu a duniya, har suka iso gaɓar Afirka ta Yamma ta hannun 'yan kasuwar Fotugal. Bahaushen da ya ci tuwon masara da jar miya a daren jiya, da kayan gonar Meksiko ya kwana a cikinsa. Me zai sa, in ji su, ya ji tsoron ganin yadda masu abin na asali suke sarrafa shi?

Sarrafawar kuwa abar kallo ce. Tushen abincinsu shi ne tortiya, wata siririyar waina ce ta masara mai faɗin tafin hannu. Ba a niƙa busasshiyar masara a kwaɓa kai tsaye. Ana fara dafa ƙwayar a ruwan da aka zuba wa garin ƙonannen dutsen farar ƙasa, ko tokar itace, a sauke a bar ta ta kwana a ciki. Da safe a wanke, a murje ɓawon da ya yi laushi, a markaɗa ta da danshinta har ta zama ƙulli mai santsi wanda ke haɗe kansa ba tare da an sa masa komai ba. Mai yi ta gutsuri ɗan dunƙule, ta danne shi ya yi fale-fale, ta shimfiɗa a kan kasko mai zafi ba mai, ta juya, ta sake juyawa, sai ka ga ta kumbura ta cika da tururi. Ƙamshin da ke tashi a lokacin ba irin na gasasshiyar masara ba ne, ya fi shi zurfi. Wannan dabara ba don daɗi kawai ba ce. Ita ke sakin sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin masara har jiki ya iya amfana da shi. Turawa sun ɗauki masarar sun bar dabarar, shi ya sa cutar felagira, mai lalata fata da kawo gudawa da ruɗewar hankali, ta addabi talakawan arewacin Italiya da Sifaniya, daga baya kuma na kudancin Amurka, alhali manoman Meksiko da ke cin masara safe da yamma ba su cika fama da ita ba. Mu da masara ta zama abincin gidaje da yawa, ko wannan kaɗai ya isa a ce akwai abin koyo a wurin.

Suna ƙarawa da abin sha. Jan ruwan da ake kawowa a tulun gilashi a gidajen abincin Meksiko, wanda suke kira agwa de hamaika, zoɓo ne ba wani abu ba. Meksiko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon Najeriya, wanda ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina, a tara shi a kasuwanni irin su Dawanau, a loda a kwantena. Mai yiwuwa ne abin da ake sha a wani layi na birnin Meksiko daga gonar wani ɗan'uwanmu ya fito. Akwai kuma farin abin sha mai suna orcata, wanda su suke yi da shinkafa da kirfa, amma asalinsa a Sifaniya da aya ake yin sa. Ga nama kuma, jihar Jalisco ta yi suna da biriya, naman akuya da aka dafa a hankali cikin romon busasshen barkono, jihar Hidalgo ta yi suna da barbakowa, naman tunkiya da ake naɗewa da ganye a binne a rami mai garwashi ya kwana. Ba banza ba hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meksiko cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2010.

Duk wannan gaskiya ne. Amma da zarar ɗaya ɓangaren ya buɗe baki, sai ka ji magana ta yi nauyi, domin su ba tarihin masara suke tambaya ba, halal da haram suke tambaya.

Jiragen da suka fitar da masara daga Meksiko su suka shigar mata da alade, kuma alade ya samu gurbi a girkinsu fiye da yadda baƙo zai zata. Naman ana ganinsa a rubuce, mutum zai iya kauce wa karnitas da coriso idan ya san sunayensu. Matsalar kitsen ce, wanda suke kira manteka. A girkin gargajiya da shi ake soya dakakken waken da ke rakiyar kusan kowane faranti, da shi ake kwaɓa ƙullin tamal, wani abincin masara mai kama da alala, kuma sau da yawa yana cikin tortiyar alkama da ake naɗe burito da ita. Ba ya bayyana a ido, ba a cika rubuta shi a takardar jerin abinci ba. Mutum zai iya cewa shi wake da shinkafa kawai zai ci don ya kuɓuta, ashe nan ne tarkon yake. Sai kuma giya. Gidan abincin Meksiko na zamani, musamman wanda ya kwaikwayi na Amurka, kan dogara da cinikin tekila da margarita, wani lokaci ribar kwalba ta fi ta faranti. Akwai waken da ake dafawa da giya, akwai kifin da ake tsomawa a kwaɓin da aka dama da ita kafin a soya. Ko da ba ta shiga abincinka ba, tana iya kasancewa a teburin da ke maƙwabtaka da naka, kuma malamai sun daɗe suna jan kunne a kan zama a wurin da ake shan ta. Masu wannan ra'ayi suna cewa, abin da babu larura a cikinsa, ga kuma shakka ta ko'ina, barinsa ya fi kwanciyar hankali.

Ban ga yadda za a raina wannan hujja ba, kuma ina jin haushin masu amsa ta da cewa ƙauyanci ne. Wanda ya tsaya ya tambayi abin da zai shiga cikinsa da cikin 'ya'yansa ya yi abin da ya kamata. Abin da nake ganin ya rage a duba shi ne ko shakkar tana iya gushewa da tambaya, ko kuwa a jikin abincin take ta yadda ba ta rabuwa da shi.

Tarihin wani shahararren abincinsu ya ba da haske a nan. Tako al pastor, wanda ake tsire yankakken nama a doguwar sanda a tsaye yana juyawa a gaban wuta, da abarba a samansa, daga shawarma ya samo asali. Baƙi ne daga Labanon da maƙwabtanta suka sauka a garin Puebla a farkon ƙarni na 20 da sana'arsu ta gasa naman rago a tsaye. Da tafiya ta yi tafiya aka sauya ragon da alade, aka shafe shi da jan barkono, aka ɗora a tortiyar masara. Masu tsoro za su ce ga shi nan, har abin da ya zo musu da tsarkinsa sun juya shi. Ni kuwa abin da na gani shi ne, girkin da ya karɓi sauyi ta wannan fuska zai karɓe shi ta ɗaya fuskar. Wanda ya yi al pastor da naman rago ko kaza bai ɓata komai ba, ya ma koma kusa da mafari. Haka batun manteka yake: tortiyar masara ta asali ba ta da mai ko ɗigo, kuma mutanen ƙasar sun yi dubban shekaru suna cin masara da wake da kabewa da barkono kafin su ga alade da idonsu. A yau ma gidajen abinci da yawa a cikin Meksiko da wajenta da man gyaɗa ko wani man tsirrai suke soya wake.

Ashe ke nan amsar tana hannun mai gidan da aka buɗe, ba a sunan ƙasar take ba. Kuma wurin da aka buɗe shi yana da tasiri. Wanda ya zuba jarinsa a unguwar da mafi yawan masu kuɗin cin abinci a waje Musulmi ne, da wuya ya kawo alade kicin ɗinsa, don ya san ranar da labari ya fita kasuwarsa ta mutu. Wanda ke karatu ko aiki a Houston ko Landan kuwa lissafinsa daban ne, domin a can girkin gargajiya da kitsen alade abin alfahari ne ga mai dafawa, sannan ga batun yankan saniya da kaza wanda shi ma sai an bincika.

Tambayar ba ta da wuya, amma akwai yadda ake yin ta. Na taɓa ganin wata dattijuwa da ɗanta ya kai irin wannan wuri, ta riƙe takardar abinci ba ta ko duba ba, ta kira yaron da ke hidima ta ce, "Ɗana, zo nan. Waken nan da wane mai kuke soya shi?" Ya ce, "Hajiya, komai namu halal ne." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ba haka na tambaye ka ba. Shiga ka tambayo mai girkin, man me ne, kuma ina kuke sayen nama." Yaron ya shiga, sai ga kukun da kansa ya fito da galan ɗin man a hannu, ya faɗi mahautan da suke kawo musu nama. Sannan ta ce a kawo. Wannan shi ne gwajin, domin gidan da ya san abin da yake dafawa ba ya jin nauyin amsawa, wanda kuma ya tsaya kame-kame ya riga ya ba ka amsa. Batun giya kuwa ba ya buƙatar tambaya, daga bakin ƙofa ake ganin kanta da kwalabe, kowa kuma ya san iyakar da ya ɗaukar wa kansa. Ni dai wurin da kantar giya ce zuciyarsa, abinci kuwa rakiya, ba na ba da shawarar kai iyali.

Akwai wata hujjar ta masu cewa a dakata, wadda ba ta addini ba ce, kuma galibi daga bakin waɗanda suka yi yawon duniya take fitowa. Suna cewa abin da ake sayarwa da sunan Meksiko a mafi yawan ƙasashe ba na Meksiko ba ne, na kan iyakar Texas ne da ake kira Tex-Mex: burito mai girman damtse, narkakken cuku rawaya a kan komai, tako mai ƙamas-ƙamas da ke karyewa a hannu. Kamfanin Taco Bell da Glen Bell ya kafa a Kalifoniya a 1962 shi ya fi kowa yaɗa wannan siffa, kuma sau biyu yana gwada shiga kasuwar Meksiko, a 1992 da 2007, yana tattara kayansa yana fita, domin mutanen ƙasar ba su ga abincinsu a ciki ba. Don me za ka biya kuɗi mai yawa ka ci kwaikwayon kwaikwayo?

Rabin maganar na yarda da shi. Tex-Mex ba jabu ba ne, abincin mutanen da iyaka ta ratsa ta kansu ne, tunda Texas kanta yankin Meksiko ce kafin 1836. Nacos ma, wato soyayyun gutsattsarin tortiya da cuku a kai, a garin Piedras Negras na Meksiko aka fara yin sa, a farkon shekarun 1940, a hannun wani ma'aikacin gidan abinci mai suna Ignacio Anaya. Idan an yi shi da kyau yana da daɗi, ba abin kunya a cinsa. Amma duk kyawawan hujjojin da masu cewa a je suka kawo, na tortiya mai kumbura da biriya, balle miyar mole mai haɗin barkono kala-kala da ɗan koko, ba za ka same su a wurin da ya sayo tortiya a leda daga kanti, ya buɗe gwangwanin wake, ya barbaɗa cuku ba. Mutum zai fito yana cewa ya ci abincin Meksiko, ba abin a-zo-a-gani ba ne, alhali bai ma gan shi ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne, masara ga ta nan jibge a Saminaka, akuya da rago ba a magana, attaruhu ɗan'uwan barkononsu habanero ne na jini, fiya da lemon tsami da albasa duk suna kasuwa. Abin da sai an shigo da shi kaɗan ne, wasu busassun barkono irin su anco da cipotle, sai baƙin wakensu wanda ba jinsi ɗaya ba ne da namu. Mai gidan da ya ɗauki wahalar jiƙa masara ya markaɗa da kansa zai rage kuɗin kaya, ya sayi amfanin manominmu, kuma ya fi kusa da asali fiye da wanda ya cika sito da kwalayen waje.

Daga nan sai aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma, kuma a irin waɗannan wurare bayan kuɗin abinci akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari, wani lokaci da kuɗin hidima a kai. Masu cewa a dakata suna tuna mana cewa tako a ƙasarsa abincin bakin titi ne, na leburori da direbobi, a tsaye ake cin sa kamar yadda muke tsayawa wurin mai tsire, sai ga shi ya zo nan ya zama na masu hannu da shuni. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma hujja ce a kan yawan zuwa da kuma zuwa don a gani, ba a kan zuwa sau ɗaya ba. Magidancin da ya sauke nauyin gidansa, ya ga yana da rarar da zai fitar da matarsa da yara su ga wani abu sabo, ban ga laifinsa ba. Wanda zai ci bashi don ya ɗauki hoto da faranti, shi ma ya san ba yunwa ce ta kai shi ba.

Saura batun sabunta kanta, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Makonnin farko na kowane gidan abinci lokacin tuntuɓe ne. Masu hidima ba su gama haddace sunayen abincin ba balle abin da ke ciki, kicin bai san yawan abin da zai tanada ba, ga cunkoson masu son a ce da su aka fara. A girkin Meksiko wannan ya fi hatsari, saboda yawancin abin da ke ba shi armashi ɗanye ne: yankakken tumatir da albasa da ganye, da dakakkiyar fiya da suke kira gwakamole, wadda ba ta jure ajiya, tana yin baƙi cikin ɗan lokaci. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa, sai gidan da ya daidaita janareta da firij da ruwan wanke ganye ne zai iya fitar da irin wannan lafiya lau. Masu cewa a je da wuri suna da tasu amsar, cewa a farkon ne mai gida yake tsaye da kansa a kan komai, kuma idan kowa ya ce sai an ga kamun ludayinsa, wurin zai rufe kafin ya miƙe, matasan da aka ɗauka aiki su koma zaman kashe wando. Ina jin tausayin wannan magana, amma jiran wata guda ba ya kashe kasuwar da aka kafa da shiri, kuma yaron da bai san abin da ke cikin tukunya ba ba zai iya amsa tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurinmu ba.

Da na auna, na fi karkata ga a je. Hujjar halal ita ce mafi ƙarfi a hannun masu cewa a dakata, amma hujja ce da tambaya take warwarewa a mafi yawan lokuta, kuma inda ta kasa warwarewa ƙofa a buɗe take. Mai karatu, idan an buɗe irin wannan wuri a garinku, ka ba shi kamar wata guda ya daidaita, sannan ka je da rana lokacin da ba cunkoso. Kafin ka zaɓi komai ka tambayi man girki da inda ake sayen nama, ka kuma tambaya ko su suke yin tortiyarsu ta masara da hannunsu. In amsa ta gamsar da kai, ka nemi takon akuya ko na rago da kofin zoɓo. In kuwa an tsaya yi maka hanya-hanya, ka yi musu sallama ka tashi.